Tartsatsin Bargo, Kifin Gulbi da Aradun Damina

A wani dare na tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ya rufe garin Gummi har fitilar maƙwabci ba ta ganuwa sai kamar garwashin da ya kusa mutuwa, ina zaune a zaure tare da ɗan ƙanena, wanda yake aji biyar na sakandare, yana ta maimaita wani darasi na Fiziks da Turanci kamar yadda almajiri ke tilawar allonsa, har barci ya fara rinjayarsa. Da ya miƙe zai shiga ya kwanta, sai ya fizge bargon da ya lulluɓa da shi daga kan rigar sanyinsa, nan take muka ji wata 'yar ƙara, ƙas, ƙas, muka kuma ga 'yan tartsatsi shuɗɗa suna gilmawa cikin duhu. Yaron ya ja da baya ya ce, "Baba, mene ne wanga?" Na ce masa, "Ɗana, shi ne abin da ka wuni kana haddacewa."

Wannan 'yar magana ta daɗe tana yi mini yawo a zuci, domin yaron ba dolo ba ne, ya kuwa riƙe ta'arifin da ke cikin littafinsa kalma da kalma, amma ko kusa bai taɓa kawo wa ransa cewa abin da aka siffanta a takarda shi ne ke kwance tare da shi a shimfiɗa ba. Ina kyautata zaton irinsa suna da yawa daga Gummi har Anka da Bukkuyum, waɗanda ke fuskantar jarrabawar WAEC da NECO suna ɗaukar babin lantarki tamkar labarin wata ƙasa mai nisa, alhali kuwa hujjojinsa suna cikin bargonsu, da gulbinsu, da hadarin da ke taso musu daga gabas kowace damina.

Asalin mas'alar tsoho ne ƙwarai. An ruwaito cewa kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, wani masanin Girkawa mai suna Talis ya lura da wani irin ƙaron itace, wanda ya daɗe a binne har ya sandare ya zama kamar dutse, irin wanda ake yin carbi mai tsada da shi, cewa idan aka goga shi da gashin dabba sai ya riƙa jawo haki da gashin tsuntsu. Girkawa suna kiran wannan ƙaro ilektaron. Farisawa kuwa suka ba shi suna mai ma'anar mafizgin haki, daga nan Larabawa suka samo kalmar kahraba, wadda har gobe da ita suke kiran wutar lantarki. A shekarar 1600 Wiliyam Gilbat, likitan Sarauniyar Ingila, ya jarraba abubuwa da dama ya ga ba wannan ƙaro kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba, ya ƙago musu suna daga kalmar Girkawan nan, sunan kuma ya bi ta bakin Turawa har ya iso mana muka ce lantarki. Ke nan Balarabe da Bahaushe, kowa ta hanyarsa, sunan ƙaro guda suke kira.

To mene ne ke faruwa a baɗini sa'ad da aka yi gugar? Kowane abu da ido ke gani an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kowace ƙwaya kuma tana da cibiya mai nauyi wadda ke ɗauke da caji mai alamar tarawa, sa'an nan akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsi marasa nauyi, su ne ilektaron, masu alamar ɗebewa, suna kewaye da ita. A bisa al'ada ɓangarorin biyu daidai suke a mizani, shi ya sa ba mu jin kome idan muka taɓa tabarma ko ƙwarya. Amma idan abu biyu mabambanta suka gogi juna, ɗaya yakan ƙwace wa ɗaya waɗansu ilektaron, sai wanda ya ƙwata ya rinjaya wajen ɗebewa, wanda aka ƙwata wa ya rinjaya wajen tarawa. A nan akwai nukuta wadda ɗalibai suka cika tuntuɓe a kanta: guga ba ta halittar caji, ciratar da shi kawai take yi, kamar a auni gero daga wannan rumbu a juye a wancan, hatsin gidan bai ƙaru ba bai ragu ba. Ƙa'idar kuma ita ce, masu alama iri ɗaya suna ture juna, masu alama daban suna jan juna. Wani Bafaranshe, Dufe, shi ya bayyana cewa cajin iri biyu ne a 1733. Benjamin Faranklin na Amurka ya sa musu alamun da muke amfani da su. Ilektaron kansa kuwa ba a gano shi ba sai 1897, a hannun Tomson na Ingila. Ƙanƙantarsa ta kai ga sai an tara adadin da za a rubuta da 6 a bi shi da sifiri 18 kafin a cika mudun da ake auna caji da shi, wanda ake kira kulom.

Dalilin da ya sa bargo ke tartsatsi da hunturu, ba ya yi da damina, shi ne laima. Idan iska na da danshi, wani ɗan siririn ruwa da ido ba ya gani yakan lulluɓe tufafi da fata, cajin ya sulale ta cikinsa tun bai taru ba; idan kuwa iskar Sahara ta busar da kome, har leɓe na tsagewa, sai cajin ya rasa mafita, ya yi ta taruwa har ya yi tsalle. Saboda haka nake cewa ɗalibin Gummi, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana da ɗakin gwaji wanda masanan Turai na dā, a ƙasashensu masu ruwa da raɓa, da sun samu da sun yi murna. Ya ɗauki matajin roba ya taje busasshen gashi, ya kusantar da shi ga 'yan yage-yagen takarda, ya ga sun tashi sun manne. Ya sa ƙanensa ya tsiyayo ruwa daga buta siriri kamar zare, ya kawo matajin kusa, ya ga ruwan ya karkato kamar an kira shi. Sai ya tambayi kansa: takardar ai ba a goga ta ba, me ya ja ta? Jawabin shi ne, cajin matajin ya kori 'yan uwansa da ke cikin takardar zuwa gefe mai nisa, ya bar gefen da ke kusa da kishiyar alama, shi kuwa ja na kusa ya fi turi na nesa ƙarfi. Wannan fifiko na kusanci shi Kulom, wani injiniyan sojan Faransa, ya auna da wani ma'auni mai laushin gaske a 1785, ya tabbatar da cewa idan aka ninka tazara sau 2 ƙarfin yakan koma kashi 1 cikin 4, idan aka ninka sau 3 ya koma kashi 1 cikin 9.

Busasshiyar iska ba ta barin caji ya ratsa ta sai matsinsa ya kai kusan bolt 30,000 a kowace santimita, wanda ke nuna cewa 'yar walƙiyar da ta razana ɗan ƙanena dubban bolt ce. A ɗauki wannan a faɗaɗa shi ya cika sararin sama, an sami walƙiya. A cikin hadari mai tsawo, iska na haurawa da ɗigon ruwa zuwa inda sanyi ke daskarar da shi, ƙanƙara manya da ƙanana suna ta karo da juna, har ƙasan girgijen ya cika da caji mai alamar ɗebewa, shi kuma ya jawo kishiyarsa ta taru a doron ƙasa, musamman a kan abin da ya fi tsawo, ko itace ne, ko hasumiyar masallaci, ko mutum a tsaye a fili. Idan iska ta kasa jurewa sai hanya ta ɓalle, wuta mai kimanin amfiya 30,000 ta bi ta cikin ƙiftawar ido, ta zafafa iskar fiye da fuskar rana ninki biyar, iskar ta buɗe da ƙarfi, wannan buɗewa ita ce tsawar da muke ji. Kalmarmu ta aradu daga Larabci take, ar-ra'adu, sunan da sura ta 13 a Alƙur'ani mai girma ke ɗauke da shi. Kuma malamanmu sun daɗe da rarrabe mana tsakanin sababi da Mai sabbaba shi, don haka sanin yadda girgije ke tara caji ba ya rage wa mai imani kome daga tsoron da yake ji idan kwarankwatsa ta faɗi. Dutsen nan mai sulɓi da ake tsinta a gona a ce gatarin aradu ne, shi kam makami ne da mutanen dā suka wasa da hannunsu tun kafin a san ƙira.

Faranklin ya nuna a 1752 cewa walƙiya da tartsatsin ɗakin gwaji jinsi ɗaya ne, kuma daga nazarinsa aka samo sandar ƙarfen da ake kafawa a kan dogayen gine-gine, a jawo waya daga gare ta a binne a ƙasa. Shekara guda bayan haka wani masani, Ricman, ya yi irin wannan gwaji a birnin Fitasbag na Rasha, aradu ta kashe shi nan take. Kada wani yaro ya kuskura ya gwada. Abin da ya kamata manomi da makiyayi su riƙe shi ne, sauti na tafiya kimanin mita 340 a daƙiƙa, saboda haka kowace daƙiƙa 3 tsakanin ganin walƙiya da jin tsawa kilomita 1 ce, kuma gawon nan ko tsamiyar nan da ke tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona ita ce mafi sharrin mafaka. Wanda aradu ta faɗa wa, jikinsa ba ya riƙe wuta ko kaɗan. A taɓa shi, a taimake shi, a garzaya da shi asibiti, domin jinkirin masu tsoron taɓawa ya sha cin ran da da ya tsira.

Duk wannan caji ne mai taruwa ya zauna, ya yi tsalle ɗaya ya ƙare. Labarin yadda aka sa shi ya riƙa gudana ba yankewa, a bakin gulbi na fi son in fara shi. Na taɓa tsayawa wajen masunta a gaɓar Gulbin Zamfara suna juye koma, sai na ga wani kifi mai taushin jiki, mara ƙaya a baya, mai ɗige-ɗige, na miƙa hannu, wani dattijo ya riƙe mini wuyan hannu ya ce, "Malam, minjirya ce, ba a yi mata haka." Ita minjirya tana da wani sashe a ƙarƙashin fatarta wanda aka jera shi da dubban 'yan faifai, kowane yana ba da ɗan matsi kaɗan, idan suka haɗu babba takan kai bolt 350. Abdullaɗif al-Bagadadi, likitan da ya zauna a Masar ya rasu a 1231, ya siffanta irinta ta Kogin Nilu da yadda take kashe hannun wanda ya taɓa ta, Larabawa kuwa sun ba ta suna daga tushen kalmar nan ta ra'adu, ɗaruruwan shekaru kafin a tabbatar da cewa bugunta da bugun aradu 'yan gida ɗaya ne. A shekarar 1800 Bolta, mutumin Italiya, ya jera faifan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba su da ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan gishiri, ya ɗora wani kan wani, ya sami batir na farko a duniya. Shi da kansa ya kamanta na'urarsa da sashen jikin wani kifin teku mai irin wannan baiwa. Yaron da ya soka ƙusa mai rufin tutiya da guntun wayar jan ƙarfe a lemon tsami zai sami kusan bolt 1, ya kama hanyar Bolta ke nan.

Wanda ya san noman rani a fadama ba zai sha wuya wajen fahimtar wuta mai gudana ba. Jigo yana ɗaga ruwa daga ƙasa ya zuba shi a tudu, ruwan ya gangaro ta magudana yana shayar da lambu. Batir shi ne jigon, aikinsa ɗaga caji zuwa tudu. Tsawon tudun, watau ƙarfin turawar, shi ake aunawa da bolt. Yawan abin da ke wucewa ta magudanar a kowace daƙiƙa shi ake aunawa da amfiya, amfiya 1 kuwa kulom 1 ne a daƙiƙa. Ƙuncin magudanar da ciyawar da ta toshe ta su ne turjiya, ana auna ta da om: doguwar waya ta fi gajera turjiya, siririya ta fi kakkaura, azurfa da jan ƙarfe su ne mafi sauƙin bi saboda ilektaron ɗinsu a sake suke, roba da gilashi da busasshen itace kuwa sun ɗaure nasu tamau. Wani malamin makaranta Bajamushe, Om, shi ya ɗaure ukun nan da igiya ɗaya a 1827, littafi yakan rubuta V = IR, ma'anarsa bolt daidai yake da amfiya sau om. Batirin mota mai bolt 12 idan aka haɗa shi da ƙwai mai om 6, amfiya 2 za ta gudana. A sa mai om 3, ta zama 4.

Sai dai misalin yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗa. Ruwan lambu ƙasa ke shanye shi, ilektaron kuwa ba ya ƙarewa a cikin ƙwai. Yadda ya shiga haka yake fita ya koma, abin da ya bari a can ƙarfi ne, wanda ya zama haske da zafi, shi ya sa tilas da'irar ta zama a rufe. Tafiyarsu ma a cikin waya ba ta cika kai milimita 1 a daƙiƙa ba, tururuwa ta fi su sauri nesa. Abin da ya sa fitila ke kamawa da an taɓa makunni shi ne wayar cike take da su tun asali, kamar tiyon da ke cike da ruwa, ana tura wannan baki wancan ya zubo.

Yanzu za a iya warware abin da kan ɗaure wa mutane kai, yadda dubban bolt na bargo ba su kashe kowa, amma bolt 230 na gida ke kisa. Abin da ke halaka mutum shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa da tsawon lokacin da ta yi tana ratsawa. Cajin bargo ɗan ƙil ne, ya wuce kafin jiki ya farga. Ta gida kuwa jigonta ba ya gajiya. Busasshiyar fata kan kai om 100,000, idan aka raba 230 da wannan an sami kimanin kashi 2 cikin 1,000 na amfiya, abin da zai fizgi mutum ya bar shi. Jiƙaƙƙiyar fata kuwa kan faɗo zuwa om 1,000, wutar ta ninka sau 100, alhali kashi 1 cikin 10 na amfiya ya isa ya rikita bugun zuciya. Duk uwar da ke da hita ta dafa ruwa a bokiti, da duk wanda kan fito daga alwala ya nufi soket ba takalmi, ina roƙonsu su riƙe wannan lissafi. Tsuntsun da ke zaune a kan wayar lantarki lafiya lau yake saboda ƙafafunsa biyu suna tudu ɗaya, babu gangaren da wuta za ta bi ta jikinsa.

Batir biyu na tocila, kowane bolt 1.5, idan aka jera su kai da gindi sun zama 3, kamar faifan minjirya. Kayan gida kuwa ana haɗa su ne kafaɗa da kafaɗa, kowane da hanyarsa, don kowa ya sami cikakken 230, idan ɗaya ya mutu saura su ci gaba. Amma dukansu daga waya ɗaya suke sha. Wat shi ne bolt sau amfiya, don haka dutsen guga mai wat 1,000 yana jan fiye da amfiya 4, kuma idan aka tara shi da hita da firji a kan siririyar waya guda, wayar za ta yi zafi har robarta ta narke. Zafin ma ba ninki yake bi ba, idan wuta ta ninka sau 2 shi sau 4 yake ninkawa. Fis an yi shi ne don ya mutu a madadin gida, wanda ya ɗaure shi da kakkaurar waya ya kori mai gadinsa da hannunsa. Ta fuskar aljihu kuma, tsohon ƙwai mai wat 60 da ke ci awa 5 kullum yana shan yunit 9 a wata, sabon nan fari mai wat 9 bai kai yunit ɗaya da rabi ba.

Ba zan wuce batun batir ba sai na ambaci dalma, domin mu mutanen wannan yanki mun san ta sani mai ɗaci tun 2010, sa'ad da gubarta, wadda ta fito daga dutsen zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Batirin mota, da manyan batura da dama da ake haɗawa da sola, faifan dalma ne a cikin ruwan asid, ɗaki 6 kowane bolt 2. Idan ya mutu, kada a fasa shi ko a narka shi a gidan da yara ke rarrafe.

Saura tambayar da ɗan ƙanena ya yi mini washegari, bayan ya gama karkatar da ruwan buta har sau biyar yana kiran ƙannensa su zo su gani: ina jigon da ke ɗaga wutar da ke zuwa gari? A 1831 Maikel Faraday ya gano a Landan cewa idan maganaɗisu ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta takan gudana a cikinta, kuma a kan wannan ne aka gina kowane janareta, daga ƙaramin na mai cajin waya a kasuwa har manyan injunan madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968. Irin wannan wuta kai da komo take yi sau 50 a daƙiƙa, abin da ya ba taransifoma damar ɗaga ta zuwa bolt 330,000 don doguwar tafiya, saboda idan bolt ya hau amfiya takan sauka, hasarar hanya ta ragu, sa'an nan a yi ta sauke ta mataki mataki har ta zo 230 a ƙofar gida. Na kai shi bakin gulbi na nuna masa ruwan yana tafiya yamma, na gaya masa cewa wannan ruwa zai faɗa Gulbin Sakkwato a ƙasar Kabi, shi kuma ya faɗa Kwara, Kwara ta kai shi tafkin Kainji, inda zai gangara ya juya injin. Ya daɗe yana kallon ruwan, sa'an nan ya tambaye ni ko kwana nawa yake yi a hanya, muka tsuguna a kan yashi muka fara lissafi da tsinke.